Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Ranar Al'adu da Makarantun Rano da Kibiya

Duk wanda ya leƙa makarantun firamare da na sakandare na ƙasar Kano a ƙarshen zangon karatu, yana iya yin katari da abin nan da ake kira Ranar Al'adu. Ran nan akan share fili, a kafa rumfa, a jera kujerun haya, a gayyato hakimi ko dagaci da shugaban ƙaramar hukuma. Yara maza su sha babbar riga da rawani, a zaɓi ɗaya a naɗa shi sarki, a ba shi dogarai biyu masu jajayen kaya. 'Yan mata su sha lalle, waɗansu su ɗauko ƙwaryar nono su zama Fulani, waɗansu su yi shigar Yarabawa ko ta Ibo. A yi kamun amarya na wasa, a taka rawar koroso, a ci dambu da ɗanwake, a sha fura, a ɗauki hotuna da wayoyi. La'asar na yi sai a watse, washegari a mayar wa masu kaya kayansu, sai kuma baɗi idan Allah Ya kai mu.

Ba mu ƙi wannan rana ba, don kuwa yaro yana da hakkin ya yi farin ciki, kuma ɗan Kibiya da ya sa kayan Yarabawa na yini ɗaya ya ɗan matsa kusa da ɗan'uwansa na Kudu. Abin da ya dame mu shi ne, a makarantu da yawa na karkara wannan yini ɗaya tak shi ne iyakar abin da ya rage na dukan ayyukan da akan yi bayan an tashi daga aji. Ƙungiyar muhawara ta mutu, ta wasan kwaikwayo ta mutu, jaridar bango ta zama tarihi, gonar makaranta ta zama filin ajiye babura. Aka tattara duk waɗannan aka cusa su cikin sa'o'i biyar na ado da hoto, aka ce an raya al'ada. Mu kuwa da muka fito daga Rano da Kibiya da ƙauyukansu muka shigo jami'a, mun ga abin da wannan rashi ya jawo wa tsararrakinmu, shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana. Maganarmu ɗaya ce: fasaha da al'ada abubuwa ne da ake koyo ta hanyar yi da maimaitawa, saboda haka wurinsu yana cikin jadawalin kowane mako, kamar yadda lissafi da Turanci suke da nasu wurin.

Bari mu fara da abin da ƙasarmu ta mallaka, don a san girman abin da ake bari a bakin ƙofar makaranta. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram, kuma har yau ana yi wa Sarkin Rano laƙabi da Autan Bawo. A labarin da aka gada na rabon ayyuka tsakanin 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, watau masu rini, kamar yadda Katsina da Daura suka zama Sarakunan Kasuwa, Gobir ta zama ta yaƙi. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Rano tun zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Baƙin yadi mai sheƙi da aka rina aka buga a wannan kudanci na Kano, musamman wajen Kura, ya ƙetare Sahara a kan raƙuma, Buzaye suna naɗa shi suna tinƙaho. A 2019 gwamnatin jiha ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 kuma aka soke waccan doka aka kafa wata, wadda ta ba Rano daraja ta biyu da ƙananan hukumomi uku, watau Rano da Kibiya da Bunkure. Manya sun yi ta ja-in-ja a kan wannan, yara suna ji a rediyo.

To, a tare yaron nan da aka naɗa wa rawani ran Ranar Al'adu, a tambaye shi me ya sa ake ce wa sarkinsa Autan Bawo. A tambayi yarinyar da ta sha baƙin zane ko ta taɓa leƙa karofi, ko ta san abin da ya sa zane yakan fito daga ramin baba yana kore-kore, sa'an nan ya rikiɗe ya zama shuɗi da zarar iska ta buge shi. Da wuya a sami ɗaya cikin aji da zai amsa. Laifin kuwa ba nasu ba ne. An cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, ba a kuwa ɗauki maido shi da gaske ba sai da aka yi fiye da shekara goma. Waɗanda suke koyarwa a yau da yawansu a cikin wannan giɓi suka yi karatu. Ga shi kuma an rufe ɗaya ƙofar da labarin gari yake shigowa ta cikinta, watau taron yamma inda akan kira dattijo ya zo ya ba da labari, yara su mai da shi wasan kwaikwayo. Sai aka wayi gari muna yin ado da kayan kakanninmu alhali ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kada wani ya ɗauka ayyukan bayan aji wasan yara ne kawai. A dubi mutanen da Arewa take alfahari da su, a bincika inda suka koyi magana. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo yana shirya su, yana amfani da ban dariya wajen tona zalunci da cuta a kasuwa da fada. Da ya je Bauchi koyarwa, a farkon shekarun 1940, shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa haɗuwa a wani dandalin tattaunawa, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suke kawo batu a yi ta muhawara a kansa. Daga irin wannan zama ne siyasar Arewa ta zamani ta tsiro. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, malamin makarantar Midil ne kuma ɗan wasan kwaikwayo, har aka yi ƙungiyar wasa mai sunansa a Kano. Harshen da ya goge a dandalin makaranta shi ne ya je da shi Majalisar Ɗinkin Duniya ya wakilci Nijeriya. Haka kuma gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, malaman makaranta ne suka cika ta.

Ko a zamanin da ya fi kusa da namu labarin bai sake ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa da suka cika Kano a shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka riƙa kai wasanninsu gidajen talabijin, su ne suka zama tushen sana'ar fim ɗin Hausa. Ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa, ita ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Kano. Ko mutum yana son abin da sana'ar nan ta zama ko ba ya so, ba zai musa cewa tana ciyar da gidaje masu yawa ba, kuma asalinta samari ne da suka saba hawa dandali tun suna makaranta. Ashe kuwa abin da ake ce wa wasa yana iya zama abin da mutum zai ci abinci da shi, ya kuma zama makamin da zai ƙwato wa talaka hakkinsa.

Yaya aka yi abin ya zube? Dalilan suna da yawa, kuma waɗansu daga cikinsu alheri ne ya zo da su. Da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka kwararo makarantu fiye da yadda aka yi tanadin malamai da azuzuwa, malamin da yake fama da aji maƙil ba shi da sauran ƙarfin tsayawa da yamma. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka ba mu likitoci da injiniyoyi masu yawa, muna kuwa gode wa waɗanda suka yi wannan tunani. Sai dai tun daga nan aka fara kallon duk yaron da ya karkata ga adabi ko zane a matsayin wanda ya kāsa. Makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita, su kuwa da azahar ake rufe su. Malamai da yawa da aka turo karkara suna zaune a birni, kullum idonsu yana kan motar komawa kafin yamma ta yi.

Sauran abin da ya rage yana makarantun kwana, inda daren Asabar yake zama daren wasa da kacici-kacici. Sai annobar korona ta rufe makarantu watanni da dama a 2020. Kafin a farfaɗo, aka sace ɗalibai a Ƙanƙara ta Jihar Katsina a watan Disamba na shekarar, aka kuma sace 'yan mata a Jangebe ta Jihar Zamfara a watan Fabrairu na 2021, abin da ya sa gwamnatin Kano ta rufe waɗansu makarantun kwana don tsare rayukan yara. Ba wanda zai zargi hukuma a kan wannan. Amma da aka dawo, hankalin kowa ya tafi ga cike giɓin manhaja, abin da ba a rubuta shi a jarrabawa kuwa shi aka fara jefarwa. A waje ma fili yana ta ƙuntata. Tatsuniyar dare ta sha kaye a hannun waya da talabijin. Gaɗar 'yan mata a dandali ta yi ƙaranci. Tashe, wanda yara suka saba farawa idan azumi ya kai kwana goma, ya shiga hannun ɓata-gari a birni, har rundunar 'yan sandan jiha ta sha hana shi, ciki har da azumin 2025. Idan titi ya gagara, gida kuma ya shagala, ina ya rage wa yaro in ba makaranta ba?

Mu da muke jami'a mun fi kowa ganin sakamakon. Za ka ga ɗalibi ya zo daga ƙauyen Kibiya da takardar sakamako mai kyau, kansa yana ja, amma ranar da malami ya ce ya fito gaban aji ya yi bayanin aikinsa na minti biyar, sai gumi ya karyo masa, murya ta shaƙe, takarda tana rawa a hannunsa. Abokin karatunsa da ya fito daga makarantar kuɗi ta birni, wanda wataƙila bai kai shi sani ba, sai ya miƙe ya zuba magana kamar ruwa, domin tun yana aji uku na firamare ake tsai da shi gaban taro. Shi za a zaɓa wakilin aji, shi zai shugabanci ƙungiyar ɗalibai, shi zai burge masu ɗaukar ma'aikata ranar ganawa. Ɗan karkara kuwa ya koma gefe yana ganin kamar haka Allah Ya halicce shi, alhali kuwa horo ne aka ba wancan aka hana shi. Ga 'yan mata abin ya fi muni, don su ko dandalin ƙwallo ba su da shi. Wannan rashin adalci ne da ba ya fitowa a takardar sakamako, saboda haka ba mai ƙirga shi, amma yana nan yana raba 'ya'yan jiha ɗaya gida biyu: masu magana da waɗanda ake magana a madadinsu.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko su ne iyaye da shugabannin makarantu masu cewa yaron da bai iya karatu da rubutu sosai ba, ina shi ina wasa? Jarrabawar WAEC da ta NECO ba sa tambayar rawa. Amsarmu ita ce, yaron da aka ba shi matsayi a wasan kwaikwayo dole ya karanta rubutun sau ashirin kafin ya haddace, ya kuwa yi haka da son ransa ba da bulala ba. Wanda zai yi muhawara dole ya nemo hujja, ya tsara ta, ya saurari abokin hamayya, ya mayar da martani; wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake nema a rubutun insha'i. Wanda ya tsaya a bakin karofi ya ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi, a bar su kwanaki su ruɓa kafin a tsoma zane, ya riga ya ga darasin kimiyyar sinadarai da idonsa, a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Ayyukan nan bayin karatu ne, suna yi masa hidima.

Na biyu su ne malamanmu na addini da iyaye masu tsoron kada a fake da al'ada a shigo da kiɗa da cakuɗar maza da mata da sauran abubuwan da tarbiyya ba ta yarda da su ba. Wannan tsoro yana da tushe, domin an sha ganin inda Ranar Al'adu ta koma gasar kwaikwayon rawar fim da sakin waƙoƙi a lasifika. Amma a lura, wannan ɓarna tana faruwa ne daidai inda aka bar abin ya zama biki na yini ɗaya ba tare da koyarwa ba. Inda malami yake zaune da yara mako-mako yana tace abin da za su yi, ba a samun haka. Kuma ai malamanmu su ne shaida a kan amfanin gasa da horo. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, tana tasowa ne daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, ta kuwa fito da yaran ƙauye, maza da mata, waɗanda suka tsaya gaban alƙalai a ƙasashen waje ba tare da gezau ba. Shehu Usmanu da Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a cikin Fulatanci da Hausa. Abin da muke nema shi ne a yi wa rubutacciyar waƙa da muhawara da tarihin gari irin tsarin da aka yi wa musabaƙa.

Na uku su ne masu cewa babu kuɗi. Makarantar da rufinta yake yoyo, yara suna zaune a ƙasa, wa zai saya mata kayan wasa? Gaskiya ne akwai wannan hali, gwamnatin jiha da kanta ta amsa shi da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Amma a yi lissafi da kyau. Ranar Al'adu ita ce mai cin kuɗi: hayar rumfa da kujeru da lasifika, abincin manyan baƙi, ga kuɗin da ake karɓa a hannun iyaye, ga ɗinki ko hayar kaya. Uban da ba shi da hali sai ɗansa ya ƙi zuwa ran nan don kunya, ya zama ranar da aka ce ta kowa ce ita ce take nuna wa ɗan talaka matsayinsa. Muhawara kuwa ba ta bukatar komai sai inuwar bishiya da benci biyu. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana ba a sayen su. Langa da dara da carafke kayansu suna ƙasa. Jaridar bango takarda ce da alƙalami da ƙusa huɗu. Abin da yake da tsada shi muka riƙe, mai araha kuma mai amfani muka yar.

Na huɗu, kuma wanda ya fi nauyi a wurinmu, shi ne cewa yaran karkara suna da aiki da yamma. Da damina suna gona, da kaka suna girbi, da rani kuma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a wannan yanki, waɗansu suna bin aikin tumatir da shinkafa, 'yan mata suna talla. Uba ba zai yarda a riƙe masa ɗa har la'asar kullum ba, kuma yana da gaskiya. Saboda haka ne ba mu ce a kwaikwayi makarantun birni ido rufe ba. Sa'a biyu a mako sun isa, a sa su cikin lokacin makaranta, a ce ran Laraba ko Alhamis bayan an dawo tara. Manyan taruka kuma a ajiye su bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da kakanninmu suke yin kalankuwa, don sun fi mu sanin lokacin da manomi yake da sukuni da abin hannu.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar, zamanin Shugaba Seyni Kountché, ƙungiyoyin samariya sun riƙa yin gasar wasan kwaikwayo da waƙa tun daga unguwa har zuwa bikin matasa na ƙasa, gasar kokawa ta neman takobi da aka fara a 1975 kuwa ta zama abin da ƙasar take tsayawa cik dominsa. A Kenya makarantu suna da gasar wasan kwaikwayo ta shekara-shekara wadda take hawa mataki-mataki har zuwa ta ƙasa baki ɗaya. Sirrin duka ɗaya ne: akwai tsani, yaro yana ganin matakin da ke gabansa, saboda haka yana yin shiri duk shekara. Mu kuwa mun iya babban biki. Mun yi hawan daba a Kaduna lokacin FESTAC a 1977 duniya ta yi mamaki, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, kowace ranar 26 ga Agusta kuma ana bikin Ranar Hausa ta Duniya. Rassa sun yi kyau, saiwar ce ba mai ba ta ruwa.

Ga abin da muke roƙo, kuma mun kasa shi daidai ƙarfin kowa. Ga Ma'aikatar Ilmi da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin nan uku: a sa sa'o'in nan biyu cikin jadawali a rubuce, mai duba makarantu ya riƙa tambayar littafin ƙungiyoyi kamar yadda yake tambayar rajistar aji, malamin da ya riƙe ƙungiya kuma a rubuta masa shi cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Darasin fasaha da al'adu yana nan cikin manhajar ilmin tushe, sai dai an mai da shi abin kwafa daga allo. A fitar da shi waje. Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai: a buɗe ƙofa ga masu sana'a. Marini da masaƙi da maƙeri da mai zanen ƙwarya da tsohuwa mai tatsuniya duk malamai ne, a gayyato su a girmama su, a ba su ɗan abin goro daga kuɗin da ake kashewa a kan rumfa. Ranar Al'adu kuwa a bar ta, amma ta zama ranar nuna abin da aka koya cikin shekara: wasan da yara suka rubuta da kansu, zanen da suka rina da hannunsu, tarihin unguwarsu da suka tattaro daga bakin dattawa.

Ga fadar Mai Martaba Sarkin Rano, muna miƙa kokon bararmu cikin ladabi. Babu abin da zai ɗaga wannan aiki kamar a ce akwai kofi na Autan Bawo da makarantun Rano da Kibiya da Bunkure za su riƙa nema kowace shekara, a muhawara da wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa, maza da nasu rukuni, mata da nasu, a fara daga gunduma a ƙare a ƙofar fada. Yaron da ya karɓi kyauta daga hannun sarkinsa ba zai manta ba har ya tsufa, uban da ya ga haka kuma ba zai sake cewa wasa ɓata lokaci ne ba. Attajiranmu da 'yan siyasarmu da suke sayen kofin ƙwallo, ga wata hanya da sunansu zai daɗe.

Saura mu, 'yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu matasan ma'aikata da suke karanta wannan mujalla. Mun iya shirya Makon Hausa a jami'a, mu sha rawani mu naɗa wa juna sarautu. Muna da ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumominmu waɗanda yawanci ba a jin ɗuriyarsu sai lokacin zaɓe ko rabon tallafin karatu. Hutun ƙarshen shekara yana da tsawo, yajin aiki ma idan ya zo yakan ba mu watanni muna zaune a gindin bishiya. Kowannenmu ya koma makarantar da ta yaye shi, ya gai da shugabanta, ya nemi izinin ɗaukar yara goma sha biyar ya koya musu yadda ake tsayawa a yi magana. Mai karanta Hausa ya taimaka musu su rubuta wasa, mai karanta kimiyya ya kai su marina, mai karanta aikin jarida ya kafa musu jaridar bango. Wayar da ke aljihunmu ta isa ta naɗi muryar kowace tsohuwa mai tatsuniya a Rurum ko Kibiya kafin ƙasa ta rufe ta da abin da ta sani. Wanda yake aiki a sakatariya kuma ya tura takardar da ta kwanta a kan tebur, ya tuna wa mai gidansa idan ana tsara kasafi.

Masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙannenmu da suke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a bana, nan da shekara shida za su zo neman gurbi a wannan jami'a, su zauna a kujerun da muke kai. Ko za su zo da baki ko za su zo bebaye, wannan yana hannun waɗanda suka riga su, mu ne kuwa muka riga su. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji, Ya ba mu ikon aikatawa, amin.